Cinikin da Ba a Sallama Ba

Uwata,

Assalamu alaikum. Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Yamai lafiya, zaman kar, doguwar motar nan, bai kumbura miki ƙafafu ba, kayanki ba abin da ya ɓace a hanya. Na sa ta cikin jakar da innarki ta zuba miki cuku da kilishi, don na san ita za ki fara buɗewa. Ki ci tukuna sannan ki karanta, doguwa ce.

Tun ranar da kika durƙusa gabana kika ce kin samu aiki a kamfanin jiragen sama, a biron da ke tsara kuɗin biye, wato tikitin jirgi, yana yi wa jama'a bayaninsa, ba ki ji kalmar albarka daga bakina ba. Na ce "to", na ƙara muryar rediyo. Kin tambayi innarki ko aikin ne ba na so, ta ce miki babanki ba ya son ganin ɗiyarsa cikin masu cin ribar yaƙi. Ta rufa mini asiri ne. Akwai wannan, amma shi ne ƙarami. Aikin jarida ya koya mini in kira abu da sunansa, kuma sunan abin da ya rufe mini baki hassada. Ba na so ki fara aiki kina ɗauke da shiruna, shi ya sa na zauna zan yi miki bayani dalla-dalla.

Idin da kike kira Tonton Idi, wanda ya kai takardunki kamfanin da shi ma yake aiki, benci ɗaya muka zauna da shi a makarantar koyon aikin jarida. Shi ɗan Birnin Lalle, ni ɗan Korahane, abinci ma kwano ɗaya muke ci. A shekararmu ta ƙarshe aka ce za a aika ɗalibi ɗaya ƙasar waje ƙaro sani. Daraktan makaranta ya kira ni cikin bironsa ya ce, "Lawali, kai ne za ka tafi." Na yi godiya na fito. A wurina magana ta ƙare, babba ya faɗa. Na hau mota na zo gida ban kwana. Kakanki ya yanka rago. Tsofaffin mata suka yi ta kawo guzuri, mai gumba, mai cuku, har da wadda ta ƙulle mini jar kanwa a tsumma wai ko ruwan can zai ɓata mini ciki. Liman ya yi addu'a ta musamman ta masu hawa sama. Na yi zamana ina karɓar gaisuwa kamar ango.

Ni ina nan, Idi yana can yana bin biro-biro. Ya yi fasfo, ya ɗauki hoto, ya yi allurar da ake nema, don an ce masa shi ne na biyu in wani abu ya faru. Da na koma, darakta ya dube ni ya ce, "Na ce kai ne, ban ce ka tafi gida ka yi biki ba." Idi ya hau jirgi. Ni na dawo gida bisa buhunan siminti a bayan babbar mota, na tarar gumbar ban kwanana ba ta ma ƙare ba. Daga ranar aka sa mini Mai Jirgi. Kin taso kina ji ana kira na haka, kin ɗauka don ina karanta labarun duniya a rediyo ne. To ga asalinsa. Mai Jirgi bai taɓa taka matakalar jirgi ba.

Shekara da shekaru ina gaya wa mutane Idi ya sace mini kujera. Bai sace ba. Ya yi abin da ake yi a can, ni na yi abin da ake yi a nan. Wannan shi ne abu na farko da nake so ki riƙe. A wurinmu in babba ya furta, an gama, takarda ƙari ce. Inda za ki, maganar baki gaisuwa ce kawai, sai an rubuta an sa hannu take zama magana. In shugabanki ya ce miki "kada ki damu, an gama", ki yi godiya da ladabi, sannan ki tambaya yaushe za a rubuta. Amma ke in kin ba mutum magana, ki riƙe ta irin riƙon gida.

Da a kaina kaɗai wautar ta tsaya da sauƙi. Kin san baffanki Jibo bai tafi umra ba bana, kin san ya sayar da bijimansa. Kina Maraɗi wajen jarrabawa lokacin, ba ki san yadda aka yi ba, kuma na hana a gaya miki.

Ya zo mini nan gida ya ce ya tsufa, kujerar hajji ta fi ƙarfinsa, yana so ko umra ya yi ya ga Ɗakin Allah da idonsa. Ya ce, "Kai ne ɗan lakwal, kai ka yi boko, tambayo muna kuɗin jirgi." Lokacin an fara yaƙin can gabas, amma jiragen ruwa masu dakon mai suna wucewa tukuna. Innarki tana bakin murhu ta ce, "Malam, ka kira Idi mana, aikinsa ke nan." Na ce mata ni Idi zai koya wa tambayar farashi? Na nemo lambar wata ajans ta masu sayar da biye a Maraɗi na kira. Mutumin ya faɗi kuɗi. Baffanki ya ce in ba shi wayar.

"Kai ne mai kujerun Makka?"

"Ni ne, Baba."

"Nawa ka ce?" Aka maimaita masa. "Ba ragi?"

"Babu, Baba, farashin kamfani ne."

"To na saya. Allah shi sa albarka."

"Amin, Baba. Sai ka zo."

Ya miƙo mini wayar yana murmushi ya ce, "Yaron kirki, bai da jayayya." Kin san kara, kasuwar dabbobi, kin sha bin baffanki can kina ƙarama. In mai saye ya ce ya saya, mai dabba ya ce ya sallama, ko wani ya zo da ninkin kuɗin a bayan nan ba mai waiwayarsa. Wanda ya ta da ciniki bayan sallama, dillalai sun gama da shi a kasuwa. A kunnen baffanki "sai ka zo" sallama ce. Abin da ya kamata ki sani shi ne a kunnena ma haka ne. Na karanta littattafai kan tattalin arziki, na fassara labarun kasuwar mai a rediyo har na gaji, amma ban taɓa sayen biyen jirgi ba. Ban san ana riƙe wa mutum kujera da suna, kuma riƙon ma yana da wa'adi ba. Ban san farashin safe ba lalle ya kai la'asar ba. Idi zai gaya mini wannan cikin numfashi ɗaya. Na gwammace kada in ji muryarsa.

Baffanki ya jira ranar kasuwa ya shigo da bijimai. Ƙarshen rani ne, dabbobi sun rame, kasuwa ta faɗi, amma ya ce tunda ya ɗaure ciniki can bai kamata ya bar yaron mutane yana jira ba. Ɗan kasuwar da ya saya, kamar yadda aka saba, sai ya kai su kudu ya dawo zai cika kuɗi. Cikin wannan jiran hanyar mai ta toshe. Ni da bakina na karanta labarin a rediyo, ban haɗa shi da bijiman yayana ba.

Muka je Maraɗi tare, kuɗinsa ƙulle cikin lalita ƙarƙashin riga. Mutumin ajans ya danna na'urarsa ya faɗi wani farashi dabam, wanda ko an ƙara da garken awaki ba a kai ba.

"Wanne ne kuma wanga?" in ji baffanki.

"Baba, wancan na wancan lokacin ne."

"Wane lokaci? Da kai munka yi magana ko da lokaci?"

"Ba ni ke canzawa ba, ordinatar ce."

"To kira min ita in ji daga bakinta."

Mutanen da ke jira suka yi dariya. Mutumin, ban ga laifinsa ba, ya kwantar da murya ya ce yaƙi ake yi, man jirgi ya yi tsada, kamfanoni sun ƙara kuɗi. Baffanki ya gyara rawaninsa ya ce, "Ji nan, ɗana. Bayan na saida bijimaina ruwa ya sauka, ciyawa ta hito, kuɗin shanu sun tashi. Ka ga na bi mai saye na ce ya ƙaro mini? Ni ruwan Allah bai ta da cinikina ba, kai yaƙin wasu ya ta da naka?"

Ba wanda ya sake dariya. Ba kuma abin da ya canza. A mota, da muka wuce Kornaka, ya juyo ya ce, "Lawali, jirgi dai bai son gidanmu." Har yau kuɗin suna ƙulle. Ya ce na Allah ne, ba zai mai da su shanu ba, kuma ko ya so yanzu ba za su sayi irin waɗancan ba. Duk ranar kasuwa yana biyowa ta gida, kafin ya cire takalmi sai ya ce, "Farashi ya sauka?" In ce bai sauka ba. Bai taɓa ce mini laifina ne ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Uwata, ki tambaya. Ko wanda za ki tambaya shi ne wanda kika fi ƙin ya san ba ki sani ba, ki tambaye shi. Kunyar tana wucewa kafin shayi ya huce. Ni na tsare girman kaina, wani ya biya da bijimansa.

Sai sharhin da na yi a rediyo, wanda kika ji, garin nan duka ya ji. Zan fara da abin da har gobe ba na janyewa. Man jirgi ya yi tsada, gaskiya ne, kuma shi ne babban abin da jirgi ke ci. Akwai kamfanonin da tsadar ta durƙusar. Amma da yaƙi ya rufe wasu hanyoyin sama, jirage suka ragu, matafiya ba su ragu ba. Mai rashin lafiya zai je asibitin waje, ɗalibi zai koma makaranta, mai gawa zai zo gida. Wanda ya rage a sama sai ya ga ko me ya faɗa za a biya. Ƙarin yana zuwa ranar da aka ji labari, tun man da aka sayo da tsohon kuɗi bai ƙare ba. In mai ya ɗan sauko, biye sai ya yi kamar bai ji ba. Kuma kamfanonin da suka yi ta kukan tsada a sanarwarsu ga matafiya, wasunsu da suka juya wajen masu hannun jari murna suka yi musu da riba, balle masu haƙo man kansu. Na ce ƴan ruwa-ruwan da ke sayar da esansi, man mota, cikin kwalba bakin tasharmu haka suke yi, suna jin rediyo suna ƙara kuɗi bisa tsohuwar jarka. Bambancin, su muna zaginsu ido da ido su yi dariya su rage, kamfani kuwa yana da mai rubuta masa sanarwa.

Da na tsaya nan, da na yi aikina. Sai na ƙara da cewa akwai ƴan ƙasar nan tamu da suka tafi suka zama bakin masu tatsar mu, suna zuwa da sallah cikin mota mai sanyi suna raba goro. Ban faɗi suna ba, ba kuma wanda ya buƙaci suna. Tsohuwar Idi tana Birnin Lalle, idonta ya tafi, rediyo ce abokiyar zamanta. Ta aiko jikarta ta tambayi innarki, "Mi Idi ya yi ma Lawali? Ni na san su kwano guda." Innarki ta kawo mini tambayar ta aje mini tare da tuwo.

Na lura hassada ba ta cika yin ƙarya ba. Cikin gaskiya take zaɓe, ta ɗauki wadda za ta yi ciwo ta nufi mutum ɗaya da ita. Shi ya sa mai ita yake jin kansa mai gaskiya. Duk ranar da kika ji wata gaskiya ta yi miki daɗin faɗi fiye da kima, ki dakata ki duba wa kike so ta sama. Kuma za ki sha ta daga ɗaya gefen, don yanzu ke ce abin hassada. Ƙawayenki da kuka gama lise, babbar sakandare, tare za su ce kin canza tun ba ki canza ba. Kada ki yi fushi da su. Ki tuna babanki ma ya yi miki.

E, ke ma. Ba Idi kaɗai ba. Na koya miki karatu bisa tsofaffin jaridu, na gyara miki jimla har kina kuka, ga shi za ki shiga inda ni aka tsai da ni a ƙofa. Kuma da za ki shiga, ba ni kika nemi shawara ba. Na ji ki a zaure kina waya kina "Tonton, wace riga zan sa ranar gwaji?", "Tonton, in sun tambaye ni albashi me zan ce?" Ina riƙe da littafi, ban karanta layi ɗaya ba. Kin yi daidai, shi ya sani, ni ban sani ba. Sanin haka bai rage mini komai ba.

Game da aikin kansa, ba zan ce ki ƙi shi ba, ba kuma zan ce ki je ki gyara duniya ba. Ƙaramar ma'aikaciya ce ke, ba ke za ki yanke farashi ba. Amma jimla a hannunki za ta bi. In an ce ki rubuta dalilin ƙari, kuma kin san rabi mai ne rabi ƙarancin kujeru, kada ki rubuta "saboda tsadar mai" ki sa aya. Ki rubuta duka biyun ki miƙa. In sun goge, su suka goge, ki aje naki. Ba mamaki su goge kullum. Ki ci gaba da rubutawa, don abin da na fi ji miki tsoro shi ne ranar da za ki daina ganin bambancin. Albashi yana da wannan hali, a hankali yake sa mutum ya yarda da abin da ake biyansa ya faɗa. Na ga haka ga ƴan jarida da suka fi ni ƙwarewa.

Mutanenmu za su same ki, ko ki ba su lamba ko kada ki ba su. Tsoho zai kira daga Korahane ya ce ɗiyar Mai Jirgi ce ke da kujeru yanzu. In kin faɗa masa farashi ya ce "na saya", kada ki ce "sai ka zo". Ki ce, "Baba, ban sallama ba, ba ni da ikon sallamawa. Kada ka taɓa dabbarka sai na gaya maka yadda ake riƙe kujera." Ki faɗa da Hausa, ki maimaita, ki sa wanda ke kusa da shi ya maimaita miki. Za a ce kin cika dogon bayani. Ki bar su su ce.

Jiya bayan la'asar na kira Idi. Lambar a wayar innarki na ɗauka, ni ban taɓa aje ta ba.

"Mai Jirgi!" in ji shi. "Kai ne da kanka? Wa ya mutu?"

Na ce ba wanda ya mutu, tsohuwa nake so ya ba haƙuri.

"Ai ta gaya mini ka zage ni da Hausa mai kyau. Ta ce ko zagi ne naka ya fi daɗin ji."

Na so ya yi fushi, da na samu abin riƙewa. Bai yi ba. Ya ce sharhin nawa akwai gaskiya ciki, akwai kuma abin da ban sani ba, in na zo Yamai mu zauna mu yi gardama kamar da. Na tambaye shi maganar baffanki. Ya ce ba abin da zai iya, shi ma farashin daga sama yake zuwa masa, sai dai a sa ido ranar da hanya ta buɗe a riƙe kujera da wuri. Sannan ya ce gwajin da kika rubuta ba wanda ya kamo ki, hannunsa bai shiga ba, kuma kin fi ni iya jimla. Na ce na gode. Na ce ga amana nan, in kin yi kuskure ya tsawata miki kamar tasa. Ya ce, "Haba Lawali, ai ɗiyarmu ce." Na kashe waya na zauna ina jin haushin kirkinsa har aka kira magariba. Ba zan ce miki na warke ba. Na dai kira.

Innarki ta gaya mini abin da kika ji tsoron gaya mini, cewa in an tabbatar da ke a aiki iyayen ma'aikaci suna da biye mai rahusa, kuma kina so ni ne farko. Ta ce kin ce kin san zan ce ba na cin ribar yaƙi. Da makon jiya ne haka zan ce, in ji daɗin faɗinsa. Gaskiya ita ce ina so, uwata. Ina so in ga yadda gari yake daga sama, in ga ko da gaske girgije yana zama ƙarƙashin mutum. Na tambayi Idi ko ana iya ba baffa, ya ce iyaye kaɗai. To ki aje. Ba zan hau in bar yayana yana tambayata ko ya sauka ba. Ranar da kika riƙe masa kujera da kuɗinsa, ki riƙe tawa kusa da tasa, ni a bakin taga, don shi ya ce rufe ido zai yi har a sauka.

Yanzu ga abin da kika durƙusa kika nema ban ba ki ba. Na yarda da aikin nan, na sa miki albarka a cikinsa, ba da rabin baki ba. Ki tafi da yardata da ta innarki. Allah ya tsare ki a ƙasa, ya tsare ki a sama. Ya haɗa ki da shugabannin da ke jin gaskiya, in bai haɗa ki da su ba ya ba ki haƙurin zama da su ba tare da kin zama su ba. Ya sa abin da za ki ci ya zama halal. Ya kashe wutar yaƙin nan, don waɗanda ke ƙarƙashinta ba kuɗin biye ne damuwarsu ba. Ya kare ki daga idon mahassada, na waje da na gida.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma na san ƙarami ne ga mai furfura. Ranar da kika fara hawa jirgi, in kin sauka, ni za ki fara kira. Ki ba ni labarin a tsare, daga matakala har sauka, kada ki tsallake komai. Tonton ɗinki ya jira, shi ya sha gani.

Ki gai da shi duk da haka.

Babanki,
Dakoro